Jirgin da Ba a Taɓa Ƙerawa Ba: Nazarin Wani Zanen Aradu a Jos

Asalin lamarin

Matashin da wannan nazari ya shafa yana aiki a wani shagon buga takardu kusa da Terminus a Jos. Katin gayyatar biki, kalandar makarantun Islamiyya, fostar 'yan siyasa idan kakarsu ta kama, da su yake cin abinci. Shekarunsa 26. Ni na koya masa zanen fasaha a sakandare, shi ya sa har yau in abu ya shige masa duhu yake rungumo kwamfutarsa ya zo wurina. Bai taɓa ganin teku ba. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma ruwa mafi girma da ya sani shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari a wajejen Rayfield.

Duk da haka, zanen jiragen ruwan yaƙi a kwamfuta shi ne abin da yake raba dare a kansa. Ba shi kaɗai ba ne. Akwai masu wannan sha'awa a ƙasashe da dama, kuma sun daɗe da tsayar wa kansu ƙa'idoji. Wadda aka fi sani ita ce ta Shipbucket, wani dandalin intanet na masu irin wannan zane: ɗigo 2 na fuskar kwamfuta, wato fiksel 2, suna tsayawa a madadin ƙafa 1, ke nan kowane ɗigo santimita 15.24 ne a jikin jirgin gaske. Ana zana jirgi daga gefensa na dama, goshinsa yana fuskantar hannun dama na mai kallo. Layin da ya kewaye shi baƙi ne, kaurin ɗigo 1, ba a barin kwamfuta ta shafe bakinsa ya yi dishi-dishi, sannan a adana fayil a PNG. Amfanin haka shi ne, in mutumin Jos ya zana jirgi, wani a Holan ya zana nasa, ana iya jera su a ga wanne ya fi tsawo kuma da nawa, ba sai an tambayi kowa ba. Matashin ya san da waɗannan ƙa'idoji, amma kallon takura yake musu. Hannunsa ya saba da CorelDRAW da ƙawata katin amarya.

A watan Nuwamba wani abokin cinikin shagon ya kawo masa aiki. Mahaifinsa tsohon sojan ruwa ne, ya yi aiki a NNS Aradu a shekarun farko na jirgin, yanzu ya yi ritaya yana zaune a Anguwan Rogo. Zai cika shekara 70 a ƙarshen Disamba. Ɗan yana son a zana jirgin, a buga a takardar A3, a sa a gilashi.

Aradu ba ƙaramin suna ba ne a rundunar sojin ruwan Najeriya. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hamburg ta Jamus ta Yamma: an fara aikin a 1978, an tura shi ruwa a 1980, ya shiga aiki a 1982 da lamba F89. Republic aka fara raɗa masa kafin a ba shi sunan Hausa. Tsawonsa mita 125.6, faɗinsa mita 15, nauyinsa da cikakken kaya tan 3,360. Shi ne na fari a jiragen tsarin MEKO, inda ake harhaɗa makamai da na'urori a akwatuna masu daidaitaccen girma a zura su a gurabensu. Yana da igwar OTO Melara mai bakin milimita 127 a goshi, makamai masu linzami na Otomat guda 8, tagwayen bindigogin Breda masu milimita 40 guda 4, da mazaunin helikwaftan Lynx a baya. Kamfanin kuma ya ƙera wa Ajantina jirage 4 a kan kusan wannan tsari na Aradu da ake kira MEKO 360, Almirante Brown da ƙannensa, masu lamba D-10 zuwa D-13, waɗanda suka shiga aiki tsakanin 1983 da 1984. Daga nesa, su da Aradu kamar an tsaga kara.

Nuwamba: zane na farko

Kwana 19 aikin ya ci. Ya tattaro hotuna 14 daga intanet, ya zaɓi wanda ya fi fitowa tas, ya shimfiɗa shi a ƙasa ya riƙa bin layukansa. Hoton daga cikin wani kwale-kwale aka ɗauke shi, ta wajen goshin jirgin, saboda haka jirgin a karkace yake. Inda inuwa ta rufe wani sashe, ko wani abu ya kare shi, sai ya cike gurbin daga sauran hotunan. Bai tsaya duba lambar da ke jikin kowane jirgi ba. Duk abin da bincike ya kawo masa da sunan MEKO 360 ya ɗauka Aradu ne. Wasu hotunan na gefen hagu ne, sai ya juya su kamar a madubi. Daga nan ya zuba teku mai shuɗi, ya sa hayaƙi na tashi, ya rataya rana tana faɗuwa a baya.

Ya nuna mini kafin a buga. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Ni da na shekara 30 ina hana yara jan layi ba rula, ban auna ko ɗaya ba, na ce masa Allah ya yi albarka. A daren ya ɗora shi a WhatsApp, abokai suka yi ta turawa.

Ƙarshen Disamba: a falon tsohon

Tare muka je kai aikin. Sanyin hunturu ya kankama, tsohon yana zaune da rigar sanyi a kan kaftani, jikoki sun kewaye shi. Ya karɓi gilashin, ya gyara tabarau, ya daɗe bai ce komai ba.

"Wa ya zana?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗana, hannunka yana da kyau. Amma wannan ba jirginmu ba ne."

Ya sa farcensa a kan bututan hayaƙi. A zanen guda biyu ne, ɗaya a gaban ɗaya. Ya ce na Aradu biyu ne, haka ne, amma kafaɗa da kafaɗa suke, kowane ya ɗan jingina waje, kuma wanda ya tsaya a gefen jirgin sosai ɗaya zai gani. Ya matsa zuwa makamai masu linzami. "Waɗannan siraran bututan ba namu ba ne. Namu akwatuna ne ɓula-ɓula." Sannan ya ɗan nisanta gilashin daga fuskarsa ya yi murmushi. "Kuma jirgin ya gajarce. Da haka Aradu yake, da ba mu sha wahalar fenti ba."

Aka yi dariya, aka ci shinkafa, aka jingine gilashin a bayan kujera.

Washegari muka auna, abin da ya kamata a yi tun farko. Matashin ya zana helikwafta a bayan jirgin, to farfelar Lynx faɗinta mita 12.8 ne. Ya kamata ta shiga tsawon Aradu kusan sau 10, takamaimai sau 9.8. A zanensa sau 8 ta shiga. Wato jirgin da ya zana mita 102 ne, an yanke masa wajen mita 23, fiye da tsawon tirela. Dalilin a fili yake: jirgin da ya karkace da digiri 35 daga mai ɗaukar hoto, tsawonsa yana raguwa zuwa kashi 82 cikin 100, tsayinsa kuwa yana nan yadda yake.

Sauran kurakuran suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Siraran bututan na Exocet MM40 ne na Faransa, makamin jiragen Ajantina. Babbar na'urar radar da ya ɗora DA08 ce ta kamfanin Signaal na Holan, ita ma tasu ce. Ta Aradu Plessey AWS-5 ce ta Ingila. Bindigogin Breda 4 ya jera su duka a fili, alhali biyu ne a kowane gefe. Da muka koma kan hotunan 14, guda 5 na Ajantina ne, a uku daga ciki ma ana iya karanta lambar.

Janairu: faci

Ɗan tsohon bai nemi a maido masa da kuɗinsa ba, ya ce kawai a gyara. Matashin ya ɗauka aikin mako ɗaya ne.

Ya fara da cire kayan Ajantina yana maye gurbinsu. Wannan ya tafi daidai, sai dai akwatunan Otomat suka ƙi zama, don gurbin da zai sa su ya matse tun daga hoton da ya bi. Sai ya kama gefen zanen da linzamin kwamfuta ya ja shi, ya ƙara masa kashi 23 cikin 100 a tsawo. Jimillar tsawon ta yi daidai. Komai na ciki kuwa ya lalace. Na'urar saita wuta ta WM25 tana cikin wani kwanso mai siffar ƙwai a tsaye. Ƙwan ya koma ƙwallo. Ƙofofi suka yi faɗi kamar na gareji. Babbar matsalar kuma ba ta motsa ba: a hoton asali goshin jirgin yana kusa da kyamara, bayansa yana nesa, don haka gaba ya kumbura, baya ya tsuke. Jan da ya yi ya ƙara wa kowane sashe daidai wa daida, mai kumburi ya ƙara kumbura. Garin neman gira, ido ya tafi.

Na uku, ya tura wa wani magidanci a Abuja, ma'aikacin gwamnati da ya daɗe a wannan zane. Ya tura shi a matsayin hoto, WhatsApp ta matse shi ta mayar JPEG, layukan suka yi hazo, mutumin ya ce ba ya iya ƙirga komai, a sake turowa a matsayin fayil. Da ya samu, bai gyara masa ko ɗigo ba. Tambayoyi uku ya aiko: wace shekara ce wannan? Wane gefe ne? Ƙofar nan ta ƙasan ɗakin tuƙi, a wane hoto ka gan ta?

Ba shi da amsar ko ɗaya. Ƙofar ma daga hoton gefen hagu ta fito, wanda ya juya. Ya zo wurina rai a ɓace.

"Malam, ai zane ne. Ba jirgin zan ƙera ba."

Ya rufe fayil ɗin, mako biyu bai buɗe ba.

Fabrairu zuwa Maris: daga farar takarda

Abin da ya dawo da shi, in ji shi, gilashin nan ne da aka jingine a bayan kujera. A farkon Fabrairu ya buɗe sabon fayil a manhajar zane ta GIMP, bai ɗauko komai daga tsohon ba.

Lissafi ya fara yi kafin ya ja layi. Mita 125.6 ƙafa 412 ne, wato ɗigo 824. Ya ja layin ruwa, ya kafa alama biyu a nisan ɗigo 824, ya kulle wannan fallen yadda ba zai taɓu ba. Sai ya jera abubuwan da aka san girmansu a gefe, su zama masa mudu. Mutum mai tsayin mita 1.7 ɗigo 11 ne. Farfelar Lynx ɗigo 84. Hancin igwar gaba tsawonsa ninki 54 ne na faɗin bakinta, wato mita 6.86, ɗigo 45 cif, ko da yake wani sashe nasa yana ɓoye a cikin rumfar igwar. Bakin igwar kansa, santimita 12.7, bai kai ɗigo ɗaya ba. A nan ya fara fahimtar abin da wannan ma'auni ke iya ɗauka da abin da ba ya iyawa.

Sai tace hotuna. Ya ƙara nema har ya tara 31 waɗanda ya tabbatar Aradu ne, ko don F89 ta fito, ko don makaman sun nuna. A cikinsu 3 ne kacal aka ɗauka daga nesa kuma daga gefe sosai. Yadda ya gane su ya burge ni, don kuskurensa na farko ne ya zama masa awo: in bututan hayaƙin nan biyu suka haɗe suka zama ɗaya a hoto, kyamara tana daidai gefen jirgin, in an ga tazara tsakaninsu, jirgin a karkace yake. Nisa ma yana da muhimmanci. Hoton da aka ɗauka daga bakin tasha, abin da ke gefen jirgi yana fitowa da girma fiye da abin da ke tsakiyarsa, don akwai mita 7.5 tsakanin gefe da tsakiya. Daga nisan kilomita guda wannan bambanci kusan babu shi.

Ya zaɓi wurare 12 a tsawon jirgin: tsakiyar igwa, gaban ɗakin tuƙi, gindin turken na'urori, gaba da bayan bututun hayaƙi, ƙofar ɗakin helikwafta da sauransu. Kowane wuri ya auna shi a hotunan uku, ya mayar da shi ɗigo. Ya sa wa kansa doka: in ukun suka yi kusa da juna cikin ɗigo 3, wato ƙasa da rabin mita, ya ɗauki na tsakiya, in sun wuce haka, ya ajiye har ya gano dalili. Wurare 10 suka shiga, 2 suka ƙi. Waɗannan biyun ya warware su da wani ƙaramin zane da ya samu mai ma'aunin 1:1200, inda dukan Aradu bai wuce santimita 10.5 ba. Irin wannan zane yana da amfani wajen sanin inda manyan abubuwa suke, amma ba a ɗaukar ƙananan kaya daga cikinsa: layi mai kaurin rubu'in milimita a can, santimita 30 ne a jirgi.

Abin da ya fi komai canza aikin shi ne wani littafi mai falle 40, irin na 'yan firamare. Shawarar mutumin Abuja ce. Kowane abu da zai shiga zanen, ƙofa ce, tsani ne, kwale-kwale ne, eriya ce, sai an rubuta shi a ɗaya daga cikin gida uku: na gani a hoto biyu ko fiye, na gani a hoto ɗaya, ban gani ba. A gefe a rubuta lambar hoton da gefen jirgin da ya nuna. Gida na farko yana shiga kai tsaye. Na biyu yana shiga in hoton na gefen dama ne. Na uku ba ya shiga, ko da wurin zai zauna fayau. Ya sha kokawa da wannan, don idon mai katin biki ba ya son fili. Babbar jarrabawar ita ce ƙasan jirgin, sashen da ke ƙarƙashin ruwa. A hotunansa 31 babu ko ɗaya da ya nuna shi. Yana da na wani jirgin Ajantina a tashar gyara, da farfela da komai a fili, ya ce ai jiki ɗaya ne. Na tuna masa cewa injinan ma ba ɗaya ba ne: duka suna da Olympus na Rolls-Royce don gudu, amma a tafiyar yau da kullum Aradu da injinan dizal na MTU yake tafiya, na Ajantina kuwa da Tyne masu aiki irin na jirgin sama. Kama da wane ba ta wane. Ya tsayar da zanen a layin ruwa.

Sau biyu ya koma wurin tsohon da kwamfutar. A fannin sanin mene ne abu, tsohon ba shi da na biyu. Wasu farare masu kama da ganga a hoto, matashin ya ɗauka tankunan mai ne, ya ce masa kwanson kwale-kwalen ceto ne. Wani duhu da ya ɗauka ƙofa ce, ya ce ramin shan iska ne. A fannin awo kuwa lamarin daban ne. Ya dage cewa filin saukar helikwafta ya fi haka tsawo. Matashin bai musa masa ba, ya dai jera hotunan uku a gabansa, ya ɗora zanen a kan kowane. Tsohon ya duba, ya duba, ya yi dariya.

"Bar shi yadda ka sa, ɗana. Wanda yake wanke daɓe kullum dole ya gan shi da faɗi."

Inda aka ɗan ja daga shi ne kan shekara. Kusan duk hotunan da suka fito tas na watan Yuni 2005 ne, lokacin da Aradu ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, inda jiragen ƙasashe da yawa suka yi jerin gwano a ruwan Portsmouth ranar 28 ga wata, masu kyamara suka yi ta ɗauka. Ɗan tsohon yana son a rubuta 1982 a ƙasan zanen, zamanin mahaifinsa. Matashin ya ce shaidar da ke hannunsa ta 2005 ce. Shekara 23 a rayuwar jirgi ba wasa ba ce, an yi masa babban gyara a Legas a tsakani, ba zai iya rantsuwa cewa kowace eriya tana inda take tun farko ba. Ɗan ya ce wa zai sani? Aka kai maganar gaban tsohon, ya ce a rubuta abin da aka gani.

Jan layin kansa ya ci mako uku. Na zauna kusa da shi wani dare yana gyara lanƙwasar goshin jirgin, ya ƙara girman fuskar sau 8, kowane ɗigo ya zama kamar ƙwayar masara. A wannan ma'auni babu layi mai lanƙwasa, matakala ce. In matakan suka tafi 8, 6, 5, 4, 3, 3, 2, 2, 1, ido yana ganin lanƙwasa mai santsi. In suka tafi 5, 2, 6, 1, 4, sai a ga kamar ɓera ya gwaguyi ƙarfen. Yana ƙirgawa a hankali da baki, yana goge ɗigo ɗaya yana mayar da shi gefe, shayinsa ya huce a kan tebur. Launi kuwa ruwan toka kala uku kawai ya bari: mai haske inda rana ke bugawa daga sama, matsakaici a jiki, mai duhu a ƙarƙashin duk abin da ya turo waje. Siraran abubuwa kamar shingen bakin daɓe da wayoyi ya yi su da toka maimakon baƙi, don waya mai kaurin yatsa in aka ja ta da baƙin ɗigo ta zama gungume mai santimita 15. Babu teku, babu hayaƙi, babu rana.

Afrilu: bugawa

A nan sana'arsa ta yi masa rana, bayan tuntuɓe ɗaya. Ɗigo 824 in aka buga su a ɗigo 300 kowane inci, santimita 7 ne kawai, bai kai tsawon katin banki ba. Da ya bar manhajar ta faɗaɗa shi yadda ta saba, sai ta shafe bakin layukan, aikin mako uku ya koma hazo. Mafita ita ce a ninka da cikakkiyar lamba, a kuma zaɓi hanyar da ke maimaita kowane ɗigo yadda yake ba tare da gauraya ba. Ya ninka sau 5: ɗigo 4,120, santimita 34.9, ya zauna daram a A3 mai tsawon santimita 42. Da muka lissafa ma'aunin da ya fito a takarda sai ga 1:360, a zanen jirgin MEKO 360. Dacewa ce kawai, amma ya ji daɗinta. Tokar ta fito da ɗan kore a bugun farko. Ya buga ƙananan gwaji uku kafin ya samu wadda ta yi.

A ƙasa ya rubuta: NNS Aradu, F89, Yuni 2005, gefen dama, 1:360. Ya ja sandar awo ta mita 20 a gefe.

Tsohon ya karɓa, ya bi shi da yatsa daga goshi zuwa baya, bai tsaya ko'ina ba sai a wani ɗan lungu bayan ɗakin tuƙi. Ya ce nan yake tsayawa shan iska in ya sauka daga aikin dare. Ya sa jikansa ya kawo ƙusa.

Mayu zuwa Yuni: gwaji na biyu

Don ganin ko hanyar za ta yi aiki a wani jirgin, ya ɗauki NNS Thunder, F90, wanda sunansa ma Aradu ne da Turanci. Tsawonsa ƙafa 378, ɗigo 756, ya gaza Aradu da ɗigo 68. Wannan jirgi tarko ne ga mai gaggawa, don ya yi rayuwa uku. Ya fara a 1968 da sunan Chase a rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, fari fat, da igwa mai inci 5. Daga baya aka yi masa garambawul aka sa mai milimita 76. A 2011 aka miƙa shi ga Najeriya bayan an cire wasu na'urori, ya koma ruwan toka, ya shiga aiki a 2012. Mafi yawan hotunansa masu kyau na zamanin Amurka ne.

Mako 5 ya yi. Mutumin Abuja ya gano kuskure ɗaya, wata eriya a kan turke. Matashin ya buɗe littafinsa, ya ga ta fito daga hoto na 9, ya duba hoton ya ga jirgin fari ne a ciki. Cikin minti 10 ya cire ta.

Hukunci

A ganina ba ƙarancin gwaninta ne ya kayar da zanen farko ba. Ta fuskar iya hannu ma ya fi na biyu wahalar yi. Ya faɗi ne don an ɗauki hoto ɗaya a matsayin awo, alhali hoto yana nuna inda mai kyamara ya tsaya ne, kuma don an cike gurabe da abin da ya yi kama. Facin Janairu ya faɗi don kuskuren yana cikin ƙashin zanen, ba a fatarsa ba. Duk abin da aka ɗora a kai sai ya gaji karkatar.

Cikin abubuwan da suka yi aiki, ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Ƙa'idar ɗigo 2 a ƙafa 1 ba wani sirri ne da ita ba, da ya zaɓi wani ma'aunin ya tsaya a kansa da ya samu kusan wannan sakamako. Amfaninta shi ne ta ba wani da ke Abuja damar ƙirga aikinsa ya kama shi. Littafin nan mai falle 40 shi na fi ba muhimmanci, kuma zanen Thunder ne shaidata: kuskure ya sake shiga, amma wannan karon an san ƙofar da ya bi. Maganar shekara kuwa, ina tare da matashin, ko da yake na fahimci ɗan tsohon. Kyauta ya zo saya, ba takardar tarihi ba.

Akwai inda ban gamsu ba. Dokarsa ta ɗigo 3 ta dogara ne ga hotuna uku da aka ɗauka a mako guda, wataƙila ma daga wuri guda, to in sun yi kuskure tare za su yi. Zanen kuma rabin jirgi ne, tunda babu abin da ke ƙarƙashin ruwa. Kuɗin aikin bai ƙaru da ko kwabo ba, wata 5 a farashin kwana 19. Ni ma ina da nawa kason laifin, tunda rula tana cikin aljihuna ranar da na sa wa zanen farko albarka.

Shi kuwa zanen farkon bai mutu ba. Ya riga ya fita tun daren Nuwamba. A watan jiya wani abokinsa ya turo masa shi daga wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, an yanke sunansa daga ƙasa, an rubuta a sama cewa wannan shi ne babban jirgin yaƙin Najeriya. Ya tura musu sabon, da bayanin bututan hayaƙi da na Exocet. Mutum biyu suka amsa. Ɗaya ya tambaya me ya sa aka cire tekun.